Laburare da Karatun Taro a Garuruwan Hausawan Sudan: Tarke a Kan Harshe da Harafi

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zo auna aikin laburaren jama'a, abin da aka fi dubawa shi ne yawan littattafan da ke kan kanta da kuma yawan tarukan da aka shirya a shekara, kamar makon karatu da gasar rubutu da baje kolin littattafai da laccoci. Wannan ma'auni yana da sauƙin cikawa a cikin rahoto, sai dai ba ya nuna ko wane ne aka yi wa taron, ko kuma da wane harshe aka gudanar da shi. Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wannan ma'auni ta hanyar gwada shi a kan Hausawan da ke zaune a yankin Jazira da gaɓar kogin Nilu Shuɗi a ƙasar Sudan, daga Wad Madani zuwa Mai Wurno da Abu Na'ama. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, a wurin al'ummar da ke magana da Hausa amma ta yi karatu da harafin Larabci, babban aikin laburare shi ne karatu a bayyane cikin taro, domin shi ne zai iya sada ta da adabin harshenta. Duk wani shiri da bai lura da wannan ba zai iya cika rahoto, amma zai wuce ta kan mutanen da aka ce don su aka yi shi.

2.0 Hausawan Jazira da Nilu Shuɗi

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai mutanen ƙasar Hausa Sudan tun ƙarnuka da suka wuce. Yawansu ya ƙaru ƙwarai bayan da Turawan Ingila suka ci daular Sakkwato. A shekarar 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jagorancin masu hijira zuwa gabas. A wajen 1906 suka sauka a bakin Nilu Shuɗi, kudu da Sannar kaɗan, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, wanda ya tattara Fulani da Hausawa. Da aka gama gina madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar 'yan ƙodago ta jawo wasu dubbai, suka kafa ƙauyuka da unguwanni a gefen gonaki da bakin kogi. Abu Na'ama, wanda ke kudu da Sinja a jihar Sannar, yana cikin wannan yanki na noma, kuma an san shi da tashar binciken aikin gona da tsangayar koyon noma ta Jami'ar Sannar.

Masana sun yi rubuce-rubuce a kan waɗannan mutane. Duffield (1981) ya nazarci tattalin arzikin Mai Wurno. Yamba (1995) ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata suke ci gaba da ɗaukar kansu a matsayin matafiya masu niyyar Makka, ko da kuwa a Sudan aka haifi iyayensu. Shi kuwa Abu-Manga (1999), na Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Kartum, ya bi diddigin yadda Larabcin Sudan ya shiga cikin Hausarsu, a furuci da kalmomi da ginin jimla. Abin lura a nan shi ne, Larabci shi ne harshen makaranta da ofis da masallaci da babbar kasuwa, Hausa kuwa harshen gida ce da gona da hira. Yaron da ya tashi a can yana koyon harafin Larabci a makarantar allo, wadda ake kira halwa, sannan ya ci gaba da shi a makarantar gwamnati. Hausa ba ta cikin darussan da ake koya masa.

3.0 Abin da Aka Ɗora wa Laburaren Jama'a

Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwarta ta farko a kan laburaren jama'a a 1949, ta sabunta ta a 1972, sannan a 1994 tare da ƙungiyar laburarori ta duniya, wato IFLA, aka kuma sake sabunta ta a 2022. A 1953 hukumar ta kira taron ƙara wa juna sani a Ibadan a kan bunƙasa laburarori a Afirka. Sanarwar 1994 ta jero ayyuka 12 da ake son laburare ya yi. Daga cikinsu akwai cusa wa yara ɗabi'ar karatu, da tallafa wa adabin baka, da ƙarfafa fahimtar juna tsakanin al'adu daban-daban. Haka kuma ta ambaci masu ƙananan harsuna a cikin waɗanda ya wajaba a tanadar wa kayan karatu na musamman.

A rubuce, ke nan, babu abin da aka bari. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa. Siffar laburaren da aka kawo Afirka ta ginu ne a kan mai karatu guda, wanda zai shiga ɗaki ya ɗauki littafi ya zauna shiru ya karanta a zuci. Tarukan al'adu kuwa ana ɗaukarsu a matsayin talla, wato dabarar jawo mutum ya zo ya ga kanta. Wannan tsari ya ɗauka cewa harshen da mutum ke ji da harafin da ya iya da littafin da ke kan kanta duk abu ɗaya ne. A Landan ko Alƙahira haka abin yake ga mafi yawan jama'a. A ƙauyen Hausawa na Nilu Shuɗi kuwa waɗannan abubuwa uku sun rabu, kuma rabuwar tasu ita ce tushen matsalar.

4.0 Al'adar Taron Karatu a Sudan

Ba za a ce Sudan ba ta san taron karatu ba. A shekarun 1930 ƙungiyar adabi ta Wad Madani, a tsakiyar Jazira, takan tara ma'aikata masu ilimin zamani su karanta littattafai su yi muhawara a kansu. Daga cikinta ne Ahmad Khair ya kawo shawarar da ta haifar da Babban Taron Masu Ilimin Zamani a 1938, wanda ya zama tushen siyasar neman 'yancin kai. A Umdurman an buɗe Cibiyar Al'adu ta Abdulkarim Mirgani a 1998, mai laburare da tarukan adabi da gasar ƙagaggen labari da aka sa wa sunan marubuci Ɗayyib Salih. A 2012 kuma wasu matasan marubuta suka fara taron da suka kira Mafrush a wani fili da ke tsakiyar Kartum, inda a ranar Talatar farko ta kowane wata ake shimfiɗa littattafai a ƙasa, a saya, a yi musaya, a rera waƙoƙi. Hukumomi sun tsayar da taron a 2015, shekarar da aka soke rajistar ƙungiyar marubutan Sudan.

Waɗannan misalai sun cancanci yabo, domin sun nuna cewa taron karatu yana iya motsa ƙasa har masu mulki su ji tsoronsa. Amma mai tarke dole ya lura da abu biyu. Na farko, dukkansu a manyan birane aka yi su. Na biyu, harshensu Larabci ne, wani lokaci da Ingilishi. A daidai shekarun da ake muhawara a kulob ɗin Wad Madani, Hausawa suna cirar auduga a gonakin da ke kewaye da garin, kuma ba a lissafa su cikin al'ummar da ake mafarkin ginawa ba. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun sa sharaɗin zama a ƙasar tun kafin 1898, alhali mutanen Mai Wurno sun iso ne bayan haka. Daga baya an sassauta sharaɗin. Har wa yau, kundin tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya amince cewa dukkan harsunan ƙasa abin girmamawa ne da bunƙasawa, amma wannan magana ba ta kai ga sanya Hausa cikin manhajar makarantun ƙauye ba.

5.0 Matsalar Harafi

Mai sauƙin tunani zai ce maganin abin shi ne a yi lodin littattafan Hausa daga Kano da Zariya a kai can. Wannan shawara ta manta da tarihin rubutun Hausa. Tun daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, ƙagaggen labarin Hausa ya tafi ne a kan boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 da yaƙi da jahilci na shekarun 1950 da adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 zuwa gaba duk sun bi wannan hanya. Kakannin Hausawan Nilu Shuɗi da yawa sun bar gida kafin boko ya kafu, wasunsu ma gudunsa suka yi. Wanda ya yi nisa a makaranta a Sudan ya san harafin Turawa ta hanyar darasin Ingilishi, amma ba a koya masa ƙa'idar rubutun Hausa ba, balle haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ.

Sai a ce to, a koma ga ajami. Nan ma akwai gyara. Ajamin ƙasar Hausa ya taso ne daga rubutun Magariba da ruwayar Warshu, inda ake sa wa harafin fa ɗigo a ƙasa, a sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Littattafan makarantun Sudan kuwa da rubutun gabas ake buga su. Bugu da ƙari, a Larabcin Sudan ana furta ƙaf kamar g, alhali a ajamin Hausa ƙaf yana wakiltar ƙ ne, shi kuwa g da harafin gain ake rubuta shi. Haka nan harafin sa mai ɗigo uku, wanda marubutan ajami suka ara domin sautin c, ɗan makarantar Sudan zai karanta shi da sautinsa na Larabci. Wannan bambanci ba mai girma ba ne, ana iya koyar da shi cikin 'yan kwanaki, kuma tun daga shekarun 1980 hukumar ISESCO ta yi aikin daidaita rubutun harsunan Afirka da harafin Alƙur'ani, aikin da Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Kartum ta shiga ciki. Duk da haka, littattafan Hausa da aka buga da ajami kaɗan ne idan aka kwatanta da na boko, kuma mafi yawansu waƙoƙin addini ne.

Sakamakon haka shi ne, littafin Hausa da aka ɗora kan kanta a gari irin Abu Na'ama zai iya shekara ba a buɗe shi ba, alhali da za a karanta shi da murya, tsofaffi da mata da yara za su fahimci mafi yawansa.

6.0 Darasi Daga Ƙasar Hausa

Arewacin Nijeriya ta riga ta gwada hanyoyin biyu. A lokacin yaƙin duniya na biyu hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwa domin yaɗa labaran yaƙi, kuma a 1952 aka kafa hidimar laburare ta Jihar Arewa a Kaduna. Masu shiga waɗannan ɗakuna galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, domin yawancin abin da ke ciki da Ingilishi yake. Talaka ya ci gaba da karatunsa a inda ya saba, wato a zaure.

A makarantar zaure ɗalibi yana jan baƙi daga Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malami yana fassarawa gaɓa-gaɓa da Hausa, sauran jama'a suna saurare. A tafsirin watan azumi ma haka tsarin yake, mai jan baƙi gefe guda, mai fassara gefe guda. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar waƙoƙinta zuwa ƙauyuka su rera wa matan da ba su iya karatu ba. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi sun game ƙasa ta bakin masu rerawa fiye da ta takarda. A zamanin adabin kasuwar Kano gidajen rediyo sun riƙa karanta littattafan labari, daga baya abin ya koma YouTube da WhatsApp. A shekarun 2000 kuma reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA ya riƙa zaman wata-wata, har da a Laburaren Murtala Muhammad, inda marubuci ke karanta aikinsa a gaban jama'a a yi masa gyara. Wannan zama yana cikin abubuwan da suka raya wancan laburare, kuma tsarinsa ya fi kusa da na zaure.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, mutum ɗaya mai iya harafi ya ishi jama'a da yawa masu jin harshe. Hausawan Sudan sun tafi da wannan al'ada, domin makarantar allo da karatun littattafan fiƙihu da rera Ishiriniya suna cikin abubuwan da mahajjata suka ɗauka tare da su. Laburaren da zai yi aiki a cikinsu ba ya buƙatar ƙirƙiro sabon abu.

7.0 Me Za a Karanta?

Zaɓen abin karantawa shi ne inda aikin mai tarke yake. Ba kowane littafi ne ke jure wa karatu a bayyane ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace, domin an gina shi a kan gajerun labarai da wani ke ba wani, kowane labari yana ƙarewa a zama guda. Ganɗoki na Bello Kagara ya dace ta wata fuskar. Salonsa na kirari da bugun ƙirji an yi shi ne domin kunne, kuma tauraronsa mutum ne da ya yaƙi Turawa sannan ya nufi gabas, wato labarin ya fara ne daga inda tarihin masu sauraron ya fara. Sai dai ƙarshen littafin, inda aka yaba wa zaman lafiyar mulkin Turawa, zai iya jawo gardama a gaban jikokin waɗanda suka yi hijira, kuma irin wannan gardama ita ce amfanin taron karatu. Waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru ita ma tana da gurbi, domin tana bayyana dalilin hijirar daga bakin jagoranta. Littattafan soyayya na Kano kuwa, waɗanda ke cike da kalmomin Ingilishi da rayuwar birni, za su buƙaci mai karatu ya riƙa tsayawa yana bayani.

Aikin bai ƙare a kan kai musu adabi ba. Hausawan Sudan suna da tatsuniyoyinsu da waƙoƙin biki da na noma da labaran tafiyar hajji a ƙasa, cikin wata Hausa da ta sha bamban da ta Kano. Zaman da ake karatu a cikinsa shi ne kuma zaman da za a iya naɗar waɗannan da na'ura, a rubuta su, a adana. Nazarin adabin Hausa a jami'o'i ya fi mayar da hankali ga Nijeriya da Nijar, kuma wannan giɓi ne da ɗaliban sashen harsuna ya kamata su sani.

8.0 Suka da Amsa

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan ra'ayi. Za a ce abin da yaron Abu Na'ama ke buƙata domin cin jarrabawa da samun aiki shi ne Larabci, kuma al'ummar da aka daɗe ana kira baƙi ba ta buƙatar abin da zai ƙara ware ta. Wannan magana tana da nauyi, musamman bayan rikicin watan Yuli zuwa Oktoba na 2022 a jihar Nilu Shuɗi, wanda ya taso a kan batun ƙasa da sarautar gargajiya tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka gudu zuwa Sannar da Jazira da wasu jihohi.

Amsar ita ce, tsarin jan baƙi da fassara tun asalinsa na harshe biyu ne. Zaman da za a karanta labarin Ɗayyib Salih da Larabci a fassara wa tsofaffi da Hausa, a kuma karanta labarin Imam da Hausa a fassara wa maƙwabta da Larabci, yana ƙarfafa harsunan biyu, yana kuma zaunar da mutanen gari a tabarma ɗaya. Maƙwabcin da ya ji cewa waɗannan mutane suna da rubutaccen adabi da tarihin da ya haɗa su da wannan kogi fiye da shekara 100 zai yi wuya ya ci gaba da ganinsu a matsayin 'yan ƙodago masu wucewa.

Suka ta biyu ita ce ta halin yaƙi. Tun daga 15 ga Afrilu 2023 Sudan ta faɗa cikin yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. A watan Mayu na wannan shekara laburaren Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba 2023 da Sinja a Yuni 2024, kafin sojoji su ƙwato Sinja a Nuwamba 2024 da Wad Madani a Janairu 2025. Wanda ya rasa gida da gona ba littafi ne farkon buƙatarsa ba. Amma wannan asara ta nuna raunin tsarin da ya dogara kacokan ga gini da kanta. Taron karatu yana buƙatar mai karatu ne da littafi ɗaya da inuwa, kuma ana iya yinsa a sansanin 'yan gudun hijira tun kafin a sake aza tubalin gini.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙidayar littattafai da taruka ba ta isa ma'aunin aikin laburaren jama'a ba. A garuruwan Hausawan Jazira da Nilu Shuɗi harshen gida Hausa ne, harafin makaranta Larabci ne, littafin Hausa kuwa da boko aka buga shi, don haka karatu a bayyane, bisa tsarin zaure, shi ne aikin da ya kamata a sa a gaba idan aka zo sake gina ɗakunan karatu bayan yaƙi. Wannan yana nufin horar da masu karatu da suka iya boko da ajami da Larabci, da juya zaɓaɓɓun littattafai zuwa ajamin da ɗan makarantar Sudan zai iya bi, da naɗar adabin bakan da ke hannun tsofaffi. Sassan koyar da Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da masanan da za su iya ɗaukar kaso mai yawa na wannan aiki, tare da takwarorinsu na Sudan.